Kwanuka Tara

Shekara arba'in da ɗaya ina dafa abincin Kirsimeti a Kumasi,
tukunya uku, baki ashirin da biyu.
Bana ga mu a Wusasa,
ni da kai, Ofori, da kujerun roba guda biyu
da kalandar asibiti da kake soke wa kwanaki da jan biro.

Da muka ajiye aiki yara suka ce mu huta.
Ka ce wanda aka kira da sunansa
ba ya aika yaro ya amsa masa.
Muka ɗaure akwati,
rabinsa tufafi, rabinsa maganin hawan jini.

Ran jajibere na zaga Sabon Gari ina neman agade.
Na samu, na ji kuɗinsa, na ajiye shi a hankali
kamar jaririn da ba nawa ba.
Na dawo da doya biyu da zakara mai tsiwa.
Gwamma ta miƙo turmi ta kan katanga,
ta ce, "Mama, taɓaryar da nauyi fa."
Da nauyi kuwa.
Ka daka sau goma, ka zauna, ka ce kana tunani ne.
Jikanta Ɗanlami ya ƙarasa mana.

Da safe aka ba ka karatu a majami'a.
Sati biyu kana bitarsa gaban madubi,
ka miƙe da sabuwar babbar riga,
ka gaya wa jama'ar Allah
cewa maƙiya ne ke gadin tumaki da dare.
Makiyaya, Ofori. Makiyaya.
Matan zumunta suka ɓoye baki a gyale,
kafaɗunsu na rawa.
Wani dattijo a baya ya ce, "Su ma an yi musu albishir ai,"
sai dariyar ta fashe, har da kai.

Ƙarfe biyu waya ta yi ƙara.
Ga Serwa, haƙoranta biyu sun fita ban sani ba,
ga teburina, ga wata a kan kujerata
tana raba nama ba yadda nake rabawa ba.
Na buɗe baki zan yi gyara, hoton ya daskare.
Na ce alo, alo,
fuskar jikata a tsaye cikin tafin hannuna, rabin murmushi.
Na shiga kicin na ce albasa ce.
Ka san babu albasar da ta rage, ba ka ce komai ba.

Sakwarar ta fi ƙarfin mutum biyu.
Na zuba a kwano bakwai,
Ɗanlami ya ɗauka gida gida:
na Gwamma, na Malam Tanimu tela,
na mai gadin asibiti, na nas Rifkatu da ke aikin dare,
sauran ya ce ya san inda suka dace.

Ba wanda ya gaya mini
a garin nan kwano ba ya komawa gida da yunwa.
Bayan magariba suka fara sallama.
Masa da miyar taushe. Dambu. Fura mai sanyi.
Alkaki a nannaɗe cikin takardar jarrabawa.
Ƙwai huɗu, ɗanyu, a kan gero don kada su fashe.
Aka ɗauke wuta, muka kunna aci-bal-bal muka ƙirga.
Bakwai na aika.
Tara ne a gabanmu.

Ɗaya na Rifkatu ne, ta zo ta karɓa.
Ɗayan har yau ba mai shi:
koren langa, murfinsa ya lotsa,
an rubuta wani harafi a gindinsa da jan farce, ya goge.
Yana nan kan taga.
Saura mana wata tara, in ji kalandarka.
Jiya na ga ka wuce ta, biro a aljihu,
ba ka soke komai ba.