Mai Ban-Ruwan Rami Na Bakwai

Ƙarfe uku na dare nake murɗa famfo,
Soba na barci, karnuka ma sun gaji da haushi.
Ruwa ya tashi sama yana juyi,
ya sauka kan ciyawar da ba akuyar da za ta ci.

Kakana a Maiwurno ya tsufa da fartanya.
Albasa, kuɓewa, rama:
duk ƙwaryar da ya ɗebo daga Nilu
ya san cikin da za ta ƙare.
Ni jikansa ina shayar da kore don kore,
don wata ƙwallo fara, kamar ƙwan zabo,
ta gangara ba tuntuɓe ta faɗa rami,
a yi tafi.

Da hantsi in koma Mayo.
A ƙofar gida Awadiya na ciniki da mai jaki,
jarka biyu, ya ce kuɗin jiya ba na yau ba ne.
Ruwan da ta wanke shinkafa shi zai wanke kwano,
na kwanon kuma ya kwantar da ƙurar tsakar gida.
Takalmina kuwa sharkaf.
Ta dube shi, ta ɗauke kai.
Da ma zagina ta yi.

Sai aka kawo mana Injiniya Ishraga,
siririya, biro a bayan kunne.
Ta tsuguna ta damƙi ƙasa ta sansana,
ta ce, “Baba Tanimu, ganga nawa kowane dare?”
Na ce, ban taɓa ƙirgawa ba, tsoro nake ji.
Ita ta ƙirga.
Ta daɗe tana kallon abin da ta rubuta.

Ta ce gefen fili a sakar wa yashi kayansa,
a dasa bagaruwa da aduwa da magarya,
itatuwan da suka san ƙishi tun suna tsiro.
Ta ce a daina feshin da ke kashe tsutsa
har ya bi magudana ya gaida kifi.
Ta ce ruwan wankan gari, in an tace,
ciyawa ba ta da ƙyanƙyami.

Masu wasa suka taru a rumfar shayi.
Ustaz Mutasim ya ajiye kofi:
“Kore muka biya wa kuɗi.
In yashi muke so, ai ga ƙasar nan gaba ɗaya.”
Aka yi dariya. Ta jira suka gama.

Ba duka ta samu ba.
Feshi an rage, ba a daina ba.
Famfo huɗu ta roƙa a jikin katanga don unguwa,
ɗaya aka sa,
shi ma daga la'asar zuwa magariba.
Amma ka zo ka ga layin jarkoki,
ka ji faɗan mata kan wa ta riga wa:
ban taɓa jin faɗa mai daɗinsa ba.

Yanzu rabin famfunana a rufe suke.
Ƙwallo kan ɓace a gindin magarya,
mai ita ya shiga yana tsaki, ya fito yana tauna.
Balbela ta dawo. Bushiya ta haihu a rami na tara.
Ustaz bai bar zuwa ba, ƙorafin ma bai bari ba.

Ran Talata da safe ana buɗe wa yaran unguwa ƙofa.
Ramlatu, autata, ta ɗaga sandar da ta fi ta tsawo,
ta buga, ƙasa ta tashi, ƙwallo na nan inda take.
Ta juyo ta ce, “Baba, wannan gonar
yaushe ake girbinta?”

Na buɗe baki.
Na sunkuya na gyara mata riƙon sanda.