Dutsen Waigi

A Potosí ƙasa ba ta san kwanciya ba,
kowane titi gangare ne,
motar babana kuwa ta san haka.

Ya ja birkin hannu, ƙas, ƙas, har goma sha ɗaya.
Ta yi tsit kamar ta ji magana,
sai ta soma silalewa baya da buhunan gishiri.
Ni ce mai dirowa da dutse.
Shekara biyu.

Saturnino bakanike ya ce waya ce ta saki.
Ya ɗaure. Ta kuma zamewa.
Ya yi tsaki, ya sa jak,
ya bubbuga diram da guduma har ya fito.
Ga takalman birki sharkaf da baƙin mai,
sil ya tsage, yana yoyo a ɓoye.
"Hannu mai santsi ba ya riƙo," in ji shi,
"ko ka ja shi har kunne."

Sabon sil, sabbin takalma.
Ya juya ajasta haƙori-haƙori.

Ƙas biyar. Ta tsaya cak.

Dutsen na nan ƙarƙashin kujerata.
Baba bai ce in yar ba,
ni ma ban tambaya ba.