Takalmin Dodo

Shekara biyu ina hawa,
mataki bayan mataki,
kamar mai hawan duwatsun Birni da tulu a ka.
Ran da na taka na tamanin, allo ya yi walƙiya,
ya ce nan hawa ya ƙare.
Na waiga in yi shela,
Tasi'u na barci kan benci,
shayi ya huce, gawayi ya zama toka.

To, wanda ya kai kan dutse,
ina kuma zai sa ƙafa?

Mu goma ne a rundunar.
Kiyari mai garkuwa, da rana gyaran babur yake a Zango.
Magaram mai warkarwa, ɗalibar ungozoma,
muryarta kaɗai muka sani.
Saura na warwatse, wani a Tanut, wani a Mirriya,
wani can arewa yana dakon siminti.
Duk daren Alhamis mu taru a bakin kogo ɗaya,
mu kashe dodon da muka kashe makon jiya,
wanda zai tashi mako mai zuwa ba ko tabo.

Sau arba'in da ɗaya, na ƙirga.
Na san sa'ar da zai ɗaga wutsiya,
na san inda wutarsa za ta zuba,
fiye da sanin ranar da famfon unguwarmu zai kawo ruwa.
Akwati ya buɗe: takalmi.
Ya sake buɗewa: takalmi.
Na tara takalman da za su ishi Kasuwar Dole.
Takobin da nake bi kuwa,
ɗaya cikin ɗari, in ji masu lissafi.

A na arba'in da biyu ya faɗo.
Daidai nan kuran ya tafi a Garin Malam.
Kafin in jona waya da batirin babur
an riga an jefa ƙuri'a,
ta faɗa kan Zanaidu, yaron da ya shigo watan jiya.
Na ce masa barka.
Ta tsakanin haƙora barkar ta fito.

Kukanmu ya kai ga masu wasan,
can ƙasar da ban iya faɗin sunan garinsu.
Suka kwance bakin buhu gaba ɗaya.
Kowa da takobinsa a kafaɗa,
wanda bai taɓa ganin kogon ba ma, jaka biyu ta saya masa.
Kiyari ya rataya nasa kwana uku
ya daina shigowa.
Ya ce abin da aka raba kamar goron suna
ba a kiransa ganima.

Ku masu riƙe da mudu,
ku zo Damagaram ku koyi awo wurin 'yan ga-ruwa.
In rijiya ta cika zurfi, mai ja ya saki igiya.
In ruwa ya kwanta a ƙofar gida, da shi ake wanke taya.
Ku bar mana ƙishi,
amma mu riƙa jin ƙarar guga tana matsowa.
Wanda ya zo sau arba'in, kada ya koma daidai da baƙon jiya.
Shi ma dodon, ku koya masa sabuwar rawa.

Alhamis ɗin da ta wuce mu shida muka rage.
Magaram ta ce, ku ajiye takubban nan,
mu shiga da sandunan da aka ba mu ranar farko.
Sau goma sha ɗaya dodo ya share mu.
Zanaidu ya faɗa rami da ƙafarsa,
muka yi dariyar da ta tada Tasi'u,
ya hura gawayi, ya ɗora sabon shayi.
Ana kiran assalatu dodo ya faɗi.

Akwati ya buɗe.
Takalmi.
Na sa abina.