Takardar Bango

A gidan renon da ke bayan Kwangila
Madam Kande ta manna takarda:
daga Litinin, Turanci kawai.
Iyaye kuɗi suka biya, in ji ta.

Yero bai iya karatu ba.
Shekara biyu ba wata uku,
kalmominsa ba su fi talatin ba,
rabi na uwarsa, rabi na unguwa.

Da azahar ya ja mini zane,
ya ce, "Ndiyam."
Na san abin da yake so,
kakata ma haka take kiran ruwa.
Na dubi bango, na dubi ƙofa,
na faɗa masa kalmar da aka ce in faɗa.
Sau uku.
Ya zuba mini ido kamar na ɓoye kofin,
leɓensa na ƙasa ya fara rawa.

Sai na tsuguna.
"Ndiyam, ko? Ungo."
Ya sha har ya jiƙa gaban riga.

Albashina dubu goma sha takwas ne,
kuma akwai kuɗin haya.
Gobe in Madam ta tambaya
zan ce ƙishirwa ce ta yi magana,
ita kuwa ba ta ga takardar ba.