Murfin Bayan Ɗakin Inna

Mun shafe gidan da farin fenti har zaure.
Sallau dillali ya rantse ko gobe a biya.
Mai saye ya ƙwanƙwasa ƙofofi,
ya kurɓi ruwan rijiyarmu, ya ce zuma.

Sai ga Hurera duba-gari
da tocila da igiyar awo.
Ko kallon fentin ba ta yi ba.
"Ina sokawe?"

Bayan ɗakin Inna, gindin gwanda,
inda kaji ke fakewa da rana.
Mu uku muka banƙare murfin da rodi.
Shekara talatin ta taso mana lokaci guda,
har Sallau ya tuna ana kiransa a waya.

Ta leƙa. Bango ya tsage ta gabas.
Ta auna zuwa rijiya: taku tara.
Mai saye ya juya, ya tofar da yawu,
ya tuna zumar da ya sha ɗazu.

Ni idona na gefen murfin.
An zana da tsinke tun siminti na ɗanye:
Barau magini. Kusa da shi, sawun yaro,
babban yatsan ya ɗan karkace.
Nawa ne.
Baba ne ya ɗaga ni, ya ce, "Taka, ka zama shaida."

Ƙannena na Rafindadi suna jiran rabo.
Za su ƙara jira.
Na ce a kira motar kwasa,
a toshe tsagar, a rufe rijiyar in ta kama.

Murfin dai a jingine mini shi a zaure.
Ba ya cikin ciniki.