Me Fatar Ta Ce?

Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba.
Cikin ƙanƙara ta biyo motar Yamai,
na tarbe ta a tasha
ina roƙon kada wuta ta ɗauke.

Babana majemi ne a Birni.
Shi sai fata ta yi shiru yake taɓa ta:
toka, bagaruwa, karta.
Ni mai magana nake nema.

Ga siririn yanki daga hannun Tsahara ta Kara-Kara,
wadda ƙaiƙayi ya raba da barci tun kaka.
Can ciki akwai masu yekuwa,
suna kiran dakarun jini: ku zo, an shigo!
Wata ran ba kowa a ƙofar,
kiran dai bai fasa ba.

Na ɗiga. Na jira. Na wanke sau uku.
Abin cikin kwalbar ba ruwansa da kowa
sai mai yekuwar,
ya cafke shi, ya shafa masa kore.

Na kashe fitila.
Ƙarƙashin madubi gari guda ya kunnu,
kamar Zango daga kan dutse bayan lisha.

A gida Baba ya ce, me fatar ta ce?
Na ce, kira take.
Ya ɗauraye hannu. To, a amsa mata mana.