Yunwa Mai Babbar Riga

A Kwangila kowa ya san Kawu Tanimu,
mai rubuta lodi a gindin gada.
In ya zauna benci sai ya yi kuka,
direbobi su ce, "Alhaji, ana shan miya,
wannan tumbi ai ba na aro ba ne."
Ya yi dariya, ya shafa shi.

Ni na kai shi Shika ran Talata,
kan wani ɗan miki a ƙauri
da ƙarfen mota ya yi masa tun kafin azumi,
ga shi har an ci naman layya bai rufe ba.

Sista Ladidi ta dubi sikeli,
ta rubuta, ba ta tanka ba.
Can ta miƙo yatsu biyu: "Kawu, matse."
Ya matse.
"Da ƙarfi."
Ya ce, "Iyakar ke nan."
Hannun da ke ɗaga tayar tirela a da,
yau bai fi riƙon mai gyangyaɗi ba.

Ta ja fatar idonsa ƙasa,
fari fat, kamar ƙullun koko.
Farce ya lotsa kamar cokali.
Harshe ja, sumul, gefen baki duk tsaga.
Ta danna ƙafa, yatsa ya bar rami,
ramin ya tsaya yana kallonmu.

"Jiya me ka ci?"
Shayi da burodi bayan asuba.
Hantsi, fanke da lemon kwalba.
Azahar, taliya da mai da yaji.
Dare, tuwo malmala uku, miya ta shafa kawai.
"Wake fa? Ƙwai? Zogale? Kifi?"
Ya ɗaga kai yana lalube,
kamar mai tuna sunan abokin yarinta
da ya bar gari tun tuni.

Ta ce, "Yunwa ce."
Saura kaɗan dariya ta kufce min.
Kawu ya gyara riga:
"Yarinya, dube ni da kyau."
"Na duba," in ji ta.
"Ciki na samu, jini ba ya samu.
Rumbu kan cika da ƙaiƙayi,
sai wanda ya zura hannu zai sani.
Bari mu ɗebi jini, ya faɗa da bakinsa."

Da za mu koma, ta Ƙofar Doka,
na ga ragowar ganuwa a gefen hanya,
kauri kamar ba za ta taɓa faɗuwa ba,
amma damina ta daɗe tana cin ta ta ciki.
Ban ce masa komai ba.

A Tudun Wada ya sa na tsaya,
ya sayi mudun wake da daurin alayyahu,
ya yi ciniki har mai kaya ya gaji.
Ya rungume ledar a kan tumbinsa, ya ce,
"Kada ka faɗa a tasha.
Wa zai yarda
ni, Tanimu, yunwa ke ci?"